Harshen Mama ya yi fari, haɗiya na yi mata zafi: in kai ta gwaji ko in sayo magani?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mama tana fama da ciwon suga shekara 9, kuma wata 7 ke nan tana shan dexa (dexamethasone, maganin rage kumburi) da take saye a kemis saboda ciwon gwiwa. Sati biyu da suka wuce harshenta da cikin kumatunta suka yi fari fat kamar kindirmo, yanzu ko koko ba ya wucewa sai da hawaye. Likita ya ce funfuna ce ta kama bakin har maƙogwaro, ya rubuta gwajin suga da na ƙanjamau. Tana jin na biyun ta ce ba za ta koma ba. In lallashe ta mu je asibitin Komfo Anokye da ke nan Kumasi, ko in sayo maganin mu yi a gida?

Maman Fati:
Wa alaikumus salam. Zuma da kanwa kaɗan, a goge harshen safe da yamma. Haka na yi wa Fati tana jaririya.

Baban Sadiya:
Maganin funfunar fluconazole ne, ƙanena. Sidi 8 na sayi ƙwaya ɗaya a Asawase.

Hajiya Zongo:
Sidi 8 a ina? Ni sidi 25 na biya watan jiya.

Nas Ramatu:
Maman Fati, dattijuwa mai suga ake magana, zuma za ta ƙara mata wahala. Baban Sadiya, ƙwaya ɗayan nan ta ƙaiƙayin mata ce. Idan abin ya sauka maƙogwaro sai an sha kullum na sati 2 zuwa 3, kuma in Mama tana kan maganin suga glibenclamide, haɗa su na iya faɗar da sugan ta ƙasa sosai. Kada kuma ku yanke mata dexa rana ɗaya, likita ne zai rage shi a hankali.

Yaya Mariya:
Ɗana, ka kai ta. Ƙanena Allah ya ji ƙansa ya daina shan maganin ƙanjamau don kada abokan aikinsa a tasha su gani. Ba mu sani ba. Farin baki ya fara zuwa, muka sayi magani ya tafi. Bayan wata uku ciwon kai ya zo. Sau uku ana yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ce jifa ne, muka yi rubutu, muka yi hayaƙi. Ranar da ya kasa gane ni muka ɗauke shi asibiti. Suka ɗebi ruwan ƙashin bayansa, suka ce wata funfuna ce mai suna kiriptokokus ta shiga ƙwaƙwalwa, irin wadda ake samu a ƙasa da kashin tattabara, mai lafiya ya shaƙa ba ta yi masa komai. Sojojin jikinsa, CD4, ba su kai 50 ba. Aka sa masa maganin funfuna amfoterisin ta ruwa, mun sayar da filin Baba. Kwana 11 ya yi. Likitan ya ce akwai gwajin jini da ke gano ta tun kafin ciwon kai ya fara. Wannan maganar har yau ba ta bar ni ba.

Hajiya Zongo:
Inna lillahi. Allah ya gafarta masa, Mariya.

Malam Sani:
Amin. Amma kada a raina addu'a. Mu da muka ga jiya mun san akwai ciwon da ba na asibiti ba.

Yaya Mariya:
Malam, ban raina ba. Da mun haɗa biyun tun farko nake nufi.

Baban Sadiya:
Kowa ya sa farar riga yanzu ya zama likita. Ni na sha, na warke.

Nas Ramatu:
Baba, kai ba ka da suga, ba ka shan dexa. Suga da dexa su kaɗai sun isa su karya garkuwar jiki. Gwajin ƙanjamau kuwa duk wanda ya zo da wannan alamar ana yi masa, ba zargi ba ne. Ka faɗa wa Mama haka.

Direba 77:
Ni dai in waakye, shinkafa da wakenmu, ya daina wucewa a maƙogwarona, kada ku jira shawarar kowa, ku ɗauke ni a motar haya ta trotro ku kai ni asibiti.

Hajiya Zongo:
Kai da abinci! Amma dexan nan shi ne bala'in unguwarmu. 'Yan mata na sha don su yi ƙiba kafin biki, fuska ta kumbura, ƙafa kamar sillen kara. 'Yar ƙanwata ta haɗa da man bilicin, makero ya cika mata wuya da hammata, tana shafawa yana ƙara faɗi.

Maman Fati:
Kuma a kwando ake yawo da shi gida gida, a ce maganin sanyi ne. Wa zai hana su?

Ɗan Aboabo:
Na gode. To yaya zan fara yi wa Mama maganar gwajin? Ni ɗanta ne, bakina ya yi nauyi.

Hajiya Zongo:
Mai kwandon da ke zuwa layinmu ma har allura take yi wa mutane a zaure.