Wane suna ya dace da abin da Turawa ke kira grant proposal?

Jama'a, ina so mu tsayar da suna guda ɗaya ga takardar nan da ƙungiyoyi da malaman jami'a ke rubutawa idan suna neman kuɗin gudanar da aiki, domin abin da aka fi kiranta da shi, wato wasiƙar neman taimako, yana ɓatar da masu rubutu tun daga layin farko.

Wanda ya ɗauka taimako yake nema sai ya cika shafi biyu da gaisuwa da bayanin talaucin unguwarsu, ya rufe da "a duba mu saboda Allah". Mai tantancewa kuwa layi irin wannan yake nema: za mu gyara rijiyoyin burtsatse 6 cikin wata 9, ga farashin kowane fanfo, ga ladan makaniki, ga wanda zai riƙa kula da su bayan kuɗin sun ƙare, ga kuma yadda za a auna ko mata sun daina tafiya mai nisa ɗiban ruwa. Takardar alkawarin aiki ce mai kasafi da wa'adi, kuma duk wanda ya karɓi kuɗin sai ya kawo rahoto da rasidai.

Mu fara da kuɗin kansu. Bashi ko rance bai shiga ba, tunda ba a mayarwa. Agaji na masu ambaliya ne da gobara. Kyauta kuma ba a bin diddiginta. Tallafi ce ta fi kusa, sai dai tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kalmar ta koma tana tuna wa mutane rabon shinkafa da layin karɓar kuɗi. Shi ya sa nake ganin dole a haɗa ta da aiki, a ce tallafin aiki. Sunan zai ɗauki kuɗin bincike da TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantun Najeriya, ke bai wa malamai tun bayan dokarta ta 2011, zai kuma ɗauki dala 5,000 da Gidauniyar Tony Elumelu ke bai wa masu ƙananan sana'o'i tun 2015.

Ɓangare na biyu, wato sunan takardar kanta, shi ne ya fi wuya. Tayi ya burge ni, domin a kasuwa mai saye yana tayawa ne a sallama masa ko a ce albarka, amma tayin aiki a bakin 'yan jarida yana nufin an kira mutum a ɗauke shi aiki. Daftari na nuna rubutun da ba a kammala ba, shawara kuma ba ta ɗaure mai bayar da ita da komai.

Ni dai na tsaya a kan ƙuduri. Abu ne da mutum ya ƙulla zai aikata, kuma mun saba jin sa a majalisa, inda ake gabatar da shi, a tsefe shi sashe bayan sashe, a amince ko a yi watsi da shi, kamar dai yadda kwamitin tantancewa ke yi. Cikakken sunan shi ne ƙudurin neman tallafin aiki, a taƙaice ƙudurin tallafi.

Ina roƙon 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda ke cike irin waɗannan takardu da Faransanci, su faɗa mana ko sunan zai zauna a bakin jama'arsu kafin mu fara sa shi a takardun horar da ƙungiyoyi.