Likita ta rubuta mini estrojen, ga fibrom a mahaifa: in sha ko in dakata?

Maman Ramatu, Garin Malam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na yaye Ramatu shiru, har ta shiga lakwal. An yi mini eko, likita ta ce shimfiɗar cikin mahaifata siririya ce, milimita 5 a tsakiyar wata, su kuma sun fi son 7 zuwa sama. Ta rubuta Progynova, ƙwayar sinadarin mata estrojen, daga baya in ɗora da Duphaston, mai aikin sinadarin projesteron. To amma ekon ya nuna ɗan fibrom, wato ƙari a mahaifa, kuma yayar maigidana ta rantse estrojen shi ke ciyar da fibrom, yana sa ciwon kansa. Wadda ta taɓa sha tana da fibrom, don Allah ta faɗa mini yadda ta ƙare.

Inna ta Birni: 'Yata, bagaruwa da sassaƙen baure, ki dinga zama a ciki. Mu da su muka haifi goma.

Hajiya Mai Atamfa: Kwalin Progynova jika 4 na saya wancan watan.

Ummu Sadik: Hajiya jika 4 a ina? Ni jika 7 da dala ɗari aka ce mini. Wata ta kawo daga Kano ta ce bai kai jika 3 ba.

Malam SVT (malamin kimiyyar halittu): Gafara dai mata, in ɗan sa baki, abin da nake koyarwa ne. Estrojen yana ratsa fatar ƙwayar halitta ya shiga ciki, ya tarar da wani furotin da ke jiran sa, mai karɓa. Iri biyu ne, alfa da beta. Beta sai 1996 aka gano shi, kuma a mahaifa alfa ne ke jan aikin. In sun haɗu sai su manne kan wasu wurare a jikin ADN, zaren gadon halitta, su buɗe umarnin gado da ke rufe, ƙwayoyin shimfiɗa su kama rarrabuwa, shimfiɗa ta yi kauri. Cikin abin da yake buɗewa har da umarnin ƙera mai karɓar projesteron. Shi ya sa likita ta jera su haka, estrojen ne ke yaɓen ɗaki, projesteron ya zo ya yi jere. Estrojen ɗin ne kuma ke tsinka majinar bakin mahaifa ta yi yauƙi lokacin sakin ƙwai, ya sa fatar farji ta tara sukarin da ƙwayoyin cuta masu amfani ke ci.

Yaya Bebi: Malam, mu dai jeren muke jira, an gama yaɓe tun bara, amarya ta ƙi tarewa 😂

Maman Biyu, Zango: Ni ku bar ni da zancen maganin nan. Bayan ɓarin da na yi aka yi mini wankin ciki a wani asibitin kuɗi, daga nan al'adata ta koma ɗigo. Mai asibitin ya ɗora ni kan wannan ƙwayar wata bayan wata, kowane zuwa eko jika 10, kowane zuwa ya ce saura kaɗan. Nono ya kumbura, ciwon kai, tashin zuciya har dangin miji suka fara yi mini barka. Na sayar da awakina biyu a kasuwar Dole, na sayar da 'yan kunnen aurena. Sai da ƙanena ya kai ni Yamai aka leƙa mahaifar da na'ura, ashe bangonta ne ya manne da tabon wankin. Kafin in dawo an ɗaura wa mijina aure da 'yar Mirriya. Yanzu in na ga kwalin nan gabana faɗuwa yake.

Inna ta Birni: Allah sarki. Kun gani ko? Na faɗa.

Sajfam Rabi (ungozoma): Maman Biyu, Allah ya musanya miki da alheri. Amma ki lura, naki tabo ne. In tushen shimfiɗar ya lalace, babu ƙwayoyin da za su amsa kiran estrojen, ko buhu aka sha. Maman Ramatu, tambaya biyu. An taɓa yi miki wankin ciki? Kin sha Clomid? Don shi Clomid zama yake kan mai karɓar estrojen ya tare wurin, yana sa ƙwai ya fito amma wasu matan yana sirantar musu da shimfiɗa. Zancen ciwon kansa kuma yana da tushe: a 1975 aka nuna a Amurka cewa matan da suka daɗe suna shan estrojen shi kaɗai, ba projesteron, sun fi kamuwa da kansar mahaifa, saboda shimfiɗa na ta kauri ba mai tsayar da ita. Don haka kada ki yar da rabin takarda ki sayi mai araha kawai. Fibrom kuwa da estrojen da projesteron duka yake girma, shi ya sa yakan ƙanƙance in al'ada ta ɗauke. Ki koma ki tambayi likita inda yake, ko a cikin ramin mahaifa ko a bayanta, wannan ya fi girmansa muhimmanci.

Ummu Sadik: Eko jika 10? Ni jika 5 nake yi.

Hajiya Mai Atamfa: Duk wanda bai taɓa ɗaukar ciki ba ya bar mana zancen mahaifa. Malam ya tsaya ga allo da alli.

Malam SVT: Hajiya, likitan da ya yi miki tiyata ma ai namiji ne, ke da bakinki kika faɗa mana.

Maman Ramatu, Garin Malam: Malama Rabi, Clomid kam na sha, wata maƙwabciya ta ba ni ragowar nata. Ban faɗa wa likita ba.

Sajfam Rabi: To ki faɗa mata kafin ki sayi komai. Maigidan fa, an auna maniyyinsa?

Yaya Bebi: Tab! Malama kin taɓo inda ke ciwo. Nawa cewa ya yi a gidansu ba a taɓa yin juya namiji ba.

Maman Biyu, Zango: Nawa ma ƙin zuwa ya yi. Amaryar tana shekara ta uku, ita ma shiru, yanzu ita ake ɗora wa ƙwayoyi.

Ummu Sadik: Awon nasu bai kai kuɗin eko biyu ba, amma sai a ce ba kuɗi. Ran da za a sayi sabon babur kuwa akwai.

Inna ta Birni: Ku yi wa mazanku ladabi, ba a tura namiji wannan awon.

Hajiya Mai Atamfa: Inna, mu da ake tura mu kowane wata mu buɗe ciki a shafa mana mai sanyi, mu ba 'ya'yan mutane ba ne? Wa ya san inda ake awon maza nan Damagaram ba tare da duk unguwa ta ji ba? Ina da wanda zan ja da kunne.