Hoton kububuwa a wajen Kaltungo: wane lensi, kuma daga nisan nawa?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kyamarata mai lensin milimita 18-55 ce, ina so in ɗauki macizai da ƙwari a inda suke rayuwa, ba a hannun masu wasa da maciji na kasuwa ba. Wajen Kaltungo da Billiri nake son zuwa yanzu da damina ta sauka. Wannan lensin zai yi?

Baba Mai Hoto:
Wa'alaikumussalam ɗana. Kada ka tunkari maciji da 18-55. Kububuwa ƙarama ce, da wuya ta wuce santimita 60, kafin ta cika maka hoto da wannan lensin sai ka kai fuskarka inda take sara. Nemi lensi mai jawo nesa na milimita 70-300, ka tsaya mita biyu ko fiye. Gamsheƙa kuwa tana tofa dafi har mita biyu zuwa uku, ido take nema, ka ba ta mita huɗu kuma ka sa tabarau.

Saita saurin ƙiftawar kyamara a 1/500 na daƙiƙa, buɗin idon lensi f/8, ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) 400 zuwa 800. Ka saita gani a kan idon maciji da kanka, domin in ka bar wa kyamara, ciyawar gabansa za ta kama, maciji ya fito dishi-dishi. Harshen da yake zarowa sai ka kai 1/1000 ka riƙe maɓalli ya yi ta ɗauka.

In kububuwa ta naɗe jiki tana goga ɓawonta, kana jin "shhh" kamar an zuba ruwa a mai zafi, gargaɗi ne. Ja da baya a hankali, hoton ya ƙare.

Maman Hanifa:
Malam, ƙwari kam lensinka zai yi. Sayi zoben da ake sawa tsakanin kyamara da lensi, ko wanda ke juya lensi baya ya koma gaba, don ka iya ɗauka daga kusa sosai. Fita bayan sallar asuba, shida zuwa bakwai da rabi, lokacin raɓa ta jiƙa fukafukan mazari da malam-buɗe-littafi, suna maƙale a karan dawa ba sa iya tashi. Rana na ɗagawa shi ke nan.

A wannan kusancin, abin da ke fitowa tar bai wuce milimita biyu ko uku ba, shi ya sa ido ke fita ƙafafu su ɓace. Sa f/11, 1/200, ISO 200, da filasha. Amma filasha tsirara tana ƙona bayan buzuzu ya zama fari fat. Yanka farar robar yogot ka rufe ta, hasken ya yi laushi. Kada ka murɗa lensi, jikinka za ka riƙa matsawa gaba da baya har idon ƙoƙi-ƙoƙi ya fito.

Malam na Yalwa:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai haɗarin ya fi yawa kafin ka ga macijin. Wanda ya tsugunna yana bin fara ba ya duban inda ya dafa, macijiyar nan kasa kuma ba ta gudu, kwanciya take cikin ganye. Dogon takalmin roba, dogon wando, sanda, da mutum na biyu mai kallon ƙasa. Kada hannu ya ɗaga dutse ko ya shiga ramin suri.

In tsautsayi ya faɗa, ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a wuce asibitin saran maciji na Kaltungo nan take. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum na iya jin garau da farko, daga baya dasashi ya fara zubar jini. Kada a tsaya neman hotonta don likita. Dafin gamsheƙa a ido kuwa a wanke da ruwa mai yawa kafin a tafi.

Idan Yankari za ka, sai da ɗan rakiya, kuma ka bar baƙi da shuɗin kaya a gida, su ke jawo ƙudan tsando.