Shingen da shanu ke ci: wane suna za mu ba shi?

Jama'a, ku kawo ɗauki. Ina rubuta ɗan bayani kan kiwon shanu a Ingila, sai kalmar hedgerow ta tsaya mini a maƙogwaro tun jiya.

Ga abin da take nufi. Jerin itatuwa ne da ƙananan bishiyoyi, yawanci masu ƙaya, da ake dasawa a kan iyakar gona da gona, su sarƙe har saniya ta kasa ratsawa. An dasa da yawansu tsakanin 1750 da 1850, lokacin da majalisar Birtaniya ta yi ta yanka filayen kiwo na kowa da kowa tana mallaka wa ɗaiɗaikun mutane. Har doka gare su: tun 1997 ba ka tumɓuke na karkara sai ka sanar da ƙaramar hukuma, kuma daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta manomi ba ya aske su, don tsuntsaye na sheƙa a ciki.

Inda gizo ke saƙa shi ne, abin nan ba tsaro kaɗai yake yi ba, abinci ne. A farin da suka yi a 2018 da 2022 ciyawa ta ƙone, amma itace mai dogon saiwa yana nan kore shar. Saniya sai ta ɗaga kai, ta naɗe reshe da harshe, ta zage ganyen. Itacen da suke kira wilo ya fi ciyawa sinadaran zink da kobalt, kuma yana ɗauke da salisin, ɗan'uwan asfirin. Mutanen dā ma sukan sare rassa da ganyensu, su ɗaure dami-dami su shanya, su ajiye wa lokacin sanyi. Harawarsu ke nan.

To, da na ce "shinge" kawai, sai na ji bai cika ba. Mu fa me muke dasawa? Aguwa da bini-da-zugu. An zaɓe su ne takanas don dabba ba ta kula su. Karya reshen aguwa ka ga farin ruwan nan mai danƙo ya tsatso, ko akuya mai rashin kunya sai ta sunsuna ta wuce. Sau da yawa ma shingenmu busasshiyar ƙaya ce aka sara aka jera. Ka ce wa Bahaushe shanu na cin shinge, abin da zai fara tambaya shi ne gonar wa aka yi wa ɓarna.

Ga abin da ya shigo daga gare ku zuwa yanzu.

Wani ya ce "darni". A'a Malam, darni na kara ne, damina ɗaya ta kayar da shi.

Wani ya ce mu ara kawai, mu ce "hejiro". Na faɗa da ƙarfi sau biyu, ƙanwata ta leƙo tana tambayar wa zai yi hijira.

Wadda ta kawo "burtali" ta kusa, don burtali na asali akwai shinge dama da hagu. Sai dai sunan hanyar shanun ne, ba na itatuwan ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani dattijo ne da ya tuna mana dashi: ka sare reshe ka kafa, ya kama, ya zama iyaka, awaki da raƙuma kuma su ci ganyensa. Gaskiyarka Baba, ma'anar ke nan. Matsalar ita ce dashi sunan itace guda ne, nasu kuwa sau da yawa gauraye ne, itatuwa iri-iri a layi ɗaya.

Ni dai na karkata ga "rayayyen shinge". Ya raba shi da ƙaya da darni da waya, kuma ba sai an yi wa kowa sharhi ba. Cin ganyen da shanu ke yi kuwa "kiwon shinge". Na san wasu za su ce ai aguwa ma rayayya ce. Haka ne, shi ya sa "kiwon shinge" ke ɗaukar nauyin abincin.

Ɗazu na gwada shi a kan Bafulatanin da ke kawo mana nono, wanda duk rani yake hawa gawo da madaci yana saro wa shanunsa ganye. Na ce, "Baffa, Turawa na kiwon shinge idan ciyawa ta ƙare." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To mai gonar ya yarda?"

Na ce ai shanun da shingen duk nasa ne.