Neman shawara: ina zan kai su Hajiya a yankin Antalya banda bakin ruwa da shaguna?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san kudancin Turkiyya ku taimaka min. In sha Allah watan Oktoba zan je Antalya da maiɗakina da kuma Hajiyarmu, kwana biyar ne, to duk wanda na tambaya sai ya ce min bakin teku da manyan shaguna, ni kuma gaskiya ba zan kai mahaifiyata inda mutane ke kwance rabi tsirara ba, tana son duwatsu da tsofaffin garuruwa irin na mutanen da, ta ce so take ta ga yadda Allah ya yi da waɗanda suka gabata. Matsalar ɗaya ce, tana fama da ciwon gwiwa. Ina ne ba cunkoso kuma za ta iya takawa?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam. Yaya ka je Termessos kawai ka gode min daga baya. Kamar kilomita 30 ne daga Antalya, gari ne a can ƙololuwar dutse sama da mita 1,000, ko Iskandar Mai Girma da ya zo a shekara ta 333 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) bai ci garin ba, wucewa ya yi. Akwai wani filin kallo na dutse da suka gina a bakin kwazazzabo, in ka zauna a matakalar sama sai ka ga gajimare na wucewa kusa da kai wlh.

Amsa ta 2:
Haba ɗan nan, ba ka karanta maganar gwiwa ba ne? Ni na hau Termessos ɗin nan da ƙafata, daga inda mota ke tsayawa hawa ne tsagwaronsa a kan duwatsu masu santsi, ni da nake ganin ina da sauran ƙarfi sai da na zauna sau uku ina haki. Ɗana kar ka kai ta can. Ka kai ta Phaselis, gaba da Kemer kaɗan in kun bi titin D400 da ke bin gefen teku. Wurin a shimfiɗe yake, bishiyoyi sun rufe ko'ina da inuwa, tsohon gari ne mai tashar jiragen ruwa har uku, za ku bi ta wani faffaɗan titin dutse da ya ratsa tsakiyarsa, ga ragowar doguwar gadar da suke janyo ruwan sha ta kanta tun zamanin Rumawa tana nan tsaye. Sai dai ku yi sammako, rana na ɗagawa masu iyo za su fara cika wurin. Kuma daga nan dutsen Tahtali ba nisa, mita 2,365 ne amma ba da ƙafa ake hawa ba, akwai wata mota mai tafiya a jikin igiya, teleferik suke ce mata. Ku riƙe mata rigar sanyi, sama akwai iska.

Amsa ta 3:
Abin da ni ya tsaya min a rai shi ne Yanartaş kusa da ƙauyen Çıralı, wuta ce take fitowa daga cikin ramukan dutse ba itace ba gawayi, iskar gas ce ke tasowa daga ƙasa tana ci, dubban shekaru ke nan. Na je bayan magariba da tocilan, na tarar da wasu sun tsuguna suna ɗumama hannu kamar a bakin murhu, tsikar jikina har tashi ta yi. Amma fa matakala ce ta kusan rabin awa, Hajiya sai dai ta jira ku a ƙasa ku nuno mata bidiyo.

Amsa ta 2 ta ƙara:
Na manta, Myra a garin Demre. Kaburbura ne aka sassaƙa a jikin dutse kamar gidaje da ƙofofi da tagogi, kuma daga ƙasa ake kallo, ba hawa. Tunda wa'azi take nema, nan ne wurinta. In da sauran lokaci ku shiga kwalekwale daga ƙauyen Üçağız zuwa tsibirin Kekova, inda akwai wani tsohon gari da girgizar ƙasa ta nutsar da wani sashensa, ana hango katanga da matakala suna gangarawa cikin ruwa, tana zaune abinta za ta gani. An hana iyo a kan kufan.

Amsa ta 4:
Abu ɗaya zan ja kunnenku, kar kowa ya tsinci ko ɗan guntun dutse ko fasasshen tulu ya jefa a jaka wai tsaraba. Dokar Turkiyya ba ta wasa da kayan tarihi, an sha tsare baƙi a filin jirgi a kan haka. Hoto ya ishe ku.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, musamman Mama mai amsa ta 2. Na karanta wa Hajiya ta zaɓi Phaselis da Myra, amma ta kafe wai wutar dutsen nan sai ta gani da idonta ko da sanda ne, muna nan muna ta ja. Wanda ya taɓa kwana a Demre ko garin Kaş da ke gaba da shi ya faɗa min wanne ya fi sauƙi ga mai tafiya da tsohuwa, don bana son mu yi ta zirga-zirga a wannan titin mai kwana-kwana, mota na juya mata kai.