Laminaitis a ƙafar tsohon doki: wane suna za mu raɗa masa?

Likitan dabbobi: Salamu alaikum masu dawaki da masana harshe. Ina shirya 'yar takarda don 'yan barga kan kula da ƙafar doki idan ya manyanta, kuma kalma ɗaya ta gagare ni: laminaitis. Bari in bayyana cutar, ku taya ni neman suna.

A cikin kofato akwai ɗan ƙashi mai siffar kofaton kansa. Ba kan tafin ƙafa yake zaune ba, rataye yake a jikin bangon kofato ta wasu siraran ganyayyaki kusan 600 da suka sarƙe da juna, kamar yadda farcen mutum ke manne da naman da ke ƙarƙashinsa. Su ne lamina a Latin. Idan suka lalace riƙon ya sassauta, nauyin doki yana danna ƙashin ƙasa, jijiyar baya tana jan sa, sai bakin ƙashin ya karkata ya nufi tafin ƙafa. An fi ganin haka a ƙafafun gaba, don su ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa.

A tsohon doki abin yakan zo a hankali, ba ihu ba ɗingishi mai yawa. Sai dai ka ga kofato ya sake kama: zobba-zobba sun fito a jikin bango, sun matsu ta gaba sun buɗe ta wajen diddige, gaban ya lotsa ya yi tsawo, tafin da ya kamata ya yi kwarmi ya baje. Farin layin da ke tsakanin bango da tafi ya yi faɗi, ya yi ruɓu-ruɓu, kuma nan ne ƙusar takalmi take shiga. Shi ya sa mai takalmi zai buga yau, ba a jima ba ya fita.

Malamin Hausa: Likita, me ya hana a ce ciwon kofato kawai? Kowa zai gane.

Likitan dabbobi: Kowa zai gane, Malam, amma kowa da abin da zai gane. Ƙusa ta soki doki, ciwon kofato ne. Ruɓewar da damina ke kawowa idan turke ya yi caɓi, ciwon kofato ne. Ga makiyayi kuma, da ya ji kalmar sai ya tuna ciwon baki da kofato na shanu. Ina son sunan da ɗan barga zai faɗa mini ta waya in san abin da zan ɗauko kafin in taso.

Baba mai dawaki, Katsina: Yaro, wannan abu ba baƙo ba ne. Dokin da aka ɗaure a turke ana zuba masa dawa da dusa don ya cika ido ranar hawan sallah, shi ne za ka tarar da safe ya miƙa ƙafafun gaba, ya jingina da na baya, kofato da zafi, in ka ce ya juya kamar ka ce ya hau wuta. Ni cewa nake hatsi ya sauka masa a ƙafa. Ku rubuta haka.

Likitan dabbobi: Allah ya ƙara girma, Baba. Ba ku kaɗai kuka lura ba, tsoffin Girkawa ma ciwon sha'ir suke kiransa. Matsalar ita ce hatsi hanya ɗaya ce daga cikin hanyoyi. Goɗiyar da mabiyiya ta maƙale mata bayan haihuwa tana kamuwa. Dokin da ya ji rauni a ƙafa ɗaya ya ɗora nauyi a kan ɗayar tsawon makonni yana kamuwa. A tsofaffi kuwa, daga shekara 15 zuwa sama, sau da yawa tushen yana wani ɗan ƙullutu a gindin ƙwaƙwalwa, cutar da ake kira Kushin. Wajen ɗaya cikin biyar na dawakin wannan shekaru suna da ita: gashi ya yi tsawo ya ƙi zubewa, gadon baya ya rame, shan ruwa da fitsari su yi yawa, insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jiki, ya hau a jini ya ci riƙon kofato. Akwai gwajin jini, akwai ƙwayar pagolaid da ake ba su kullum. In na sa wa cutar sunan hatsi, mai tsohon doki zai ce ai nawa harawa kawai yake ci, ya kwanta barci.

Ɗalibar fassara: To kumburin kofato fa, Yallaɓai? Ƙarshen kalmar a likitance kumburi yake nufi. Ko zazzaɓin kofato, tunda Baba ya ce da zafi.

Malamin Hausa: 'Yata, kumburi a Hausa abu ne da ido ke gani ya tashi. Kofato kuwa ƙaho ne, ba ya tashi. Ɗan barga zai duba ya ce bai ga kumburi ba, lafiya lau. Zazzaɓi yana da daɗin faɗa, na yarda, amma Bahaushe ya san zazzaɓi baƙo ne mai tafiya. Wannan kuwa, yadda Likita ya bayyana, zama yake zuwa yi.

Mai doki daga Maraɗi: Mu nan likitocin da sunka yi karatu da Faransanci furbur suke cewa, mu kuma mu gyaɗa kai ba mu san mi ake nufi ba. Kada ku ba mu wata kalmar aro. In riƙo ne ya lalace, mi zai hana a ce kofato ya saki?

Malamin Hausa: Madalla da mutumin Maraɗi! Ɗinki yakan saki, ƙulli yakan saki, ba wanda zai nemi a fassara masa. Sakin kofato. Yana da suna, yana da aikatau: ya saki, ya fara saki, ya daɗe da saki. Rabuwar kofato na so in kawo, amma za a ɗauka tsagewa ce.

Baba mai dawaki, Katsina: Saki nawa, ɗaya ko uku? Da gaske dai, wanda ya ji zai zaci kofaton ya cire ya faɗi.

Likitan dabbobi: A mafi munin hali hakan ma yana faruwa, Baba, don haka kalmar ba ta yi ƙarya ba. In ta ɗan tsorata mai doki, ni ban ƙi ba. Secretariat, dokin sukuwar Amurka da ya yi fice a 1973, wannan cuta ce ta sa aka kashe shi a 1989 yana da shekara 19, duk da likitocin da ke kansa.

Abin da ya ja ni ga sakin kofato shi ne yana koya wa mutum abin yi. Wanda ya san riƙo ya saki ba zai fita kilisa da dokin don wai ya warware ba, zai tsayar da shi a kan yashi mai taushi, ya janye hatsi. Mai gyaran kofato ma zai gane dalilin da ya sa ake cewa ya rage tsawon gaba, ya tallafi tafi da diddige, ya bar cika ƙusa a bangon da ba ya riƙo. Akwai takalman da ake mannawa da gam saboda irin wannan. Yawancin dawakinmu ba sa sa takalmi, sai na folo da na sukuwa, amma yankan kofato bayan mako 4 zuwa 6 ya shafe su duka. Kuma a yi haƙuri: bango bai wuce tsiron santimita 1 a wata ba, sabon kofato daga sama zuwa ƙasa yakan ci wata 9 zuwa 12.

Ga yadda zan rubuta: cutar, sakin kofato, ganyayyakin nan, mariƙin kofato, idan ƙashi ya riga ya karkata, zamewar ƙashin kofato.

Ɗalibar fassara: Saura shi mai buga takalmin, Yallaɓai. Maƙeri ne ko mai yankan farce?

Likitan dabbobi: Mai gyaran kofato na sa, tunda wani yanka kawai yake yi bai taɓa riƙe guduma ba. Malam, zan turo maka takardar ka duba mini rubutun kafin a buga.