Abin da aka tattauna kan jagororin kayan gwada tsaron AI

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar muhawarar masu harkar manhaja na Kaduna kan yadda ake gane jagora mai kyau, wato rubutaccen bayanin yadda ake amfani da manhaja, a kayan gwada tsaron AI mai aiki da kansa, irin su garak na NVIDIA, PyRIT na Microsoft da promptfoo.

1. Kowa ya yarda cewa in umarnin girkawa bai yi aiki yadda aka rubuta ba, jagorar ta gaza. A duba ranar da aka sabunta ta.

2. Nan aka fi daɗewa. Dole jagora ta faɗi ƙarara irin harin da ake gwadawa, musamman cusa ɓoyayyen umarni a cikin rubutun da AI ke karantawa don a karkatar da shi, wanda OWASP, wata ƙungiyar tsaron manhaja, ta sa a lamba ta 1 a jerin haɗurran manhajojin AI tun 2023. AI ɗin da ke karanta imel ko buɗe fayil, ta can ake shigo masa, ba ta akwatin hira kaɗai ba. Wannan ya fi damuna ni ma, domin jagorar da ta yi shiru a nan za ta sa mutum ya saki jiki a banza.

3. Ta nuna yawan tambayoyin da gwaji zai aika, tunda in AI ɗin da ake gwadawa na kuɗi ne, da dala ake biyan kuɗin tambayoyin.

An rabu kan fifiko: wasu sun ce misalan da za a kwafa su ne gaba, wasu kuma bayanin yadda ake karanta sakamako da tace ƙararrawar ƙarya.